Lita 12 a dare ɗaya: yadda muka gano yoyon filtar tankin kifi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba ƙanena ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, ruwa ya malale falo, kuma daga ƙarƙashin tankin kifi yake fitowa." Abin da na fara tambayarsa shi ne ko akwai wuta, don tsoron kada ya taka ruwa alhali soket ya jiƙe. Ya ce tun ƙarfe goma da rabi na dare aka ɗauke, ba a dawo da ita ba. Bakin zaren lamarin duka yana cikin wannan amsar, amma sai da yamma na gane.

Na ce ya zare kowane filogi da ke haɗe da tankin tun kafin wutar ta dawo, na hita da na fitila da na filta, sannan ya rufe bawul ɗin tiyo guda biyu. Ya ce, "Ai filtar a kashe take, Yaya, tunda babu wuta." Na ce, "Rufe dai." Da ya rufe, ko minti ɗaya ba a yi ba ruwan ya tsaya.

Tankin da filtarsa

Tankin gilashi ne mai murfi, tsawonsa santimita 100, faɗinsa 40, tsayinsa 50, wato yana cin lita 200 idan an cika shi taf. Duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka a irin wannan tanki, lita 4 ce ta tafi. A ciki akwai ƙananan kifayen tetira 14, da koridoras 6, wasu 'yan ƙananan dangin tarwaɗa ne 'yan asalin Kudancin Amurka masu kiwo a ƙasan tanki. Akwai kuma tsirrai da yashi mai laushi.

Filtar irin ta waje ce, shekararta huɗu. Tukunyar roba ce da ke zaune a cikin kabad ƙarƙashin tankin. A cikinta akwai kwanduna uku, ɗaya bisa ɗaya, ɗauke da soso da ƙananan zobban tangaran. Injin da farfelarsa suna cikin murfi, maɓallai huɗu ne ke danne murfin, kuma tsakanin murfin da tukunyar akwai zoben roba guda ɗaya kwance a cikin wani siririn kwari da ya zagaye baki. Tiyo biyu ne ke haɗa ta da tankin, ɗaya na sauko da ruwa, ɗaya na mayarwa.

Ƙanena, kamar mutane da yawa, ya zaci inji ne ke jawo ruwan ƙasa. Ruwan da kansa yake gangarowa, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo daga tankin mota zuwa jarka: da zarar tiyon ya cika, nauyin ruwan ne ke tafiyar da shi. Aikin injin kawai ya mayar da shi sama. Shi ya sa kashe wuta ba ya tsayar da yoyon irin wannan filta. Ruwa zai yi ta bin tiyo har sai bakin bututun ya fito fili ya shaƙi iska. Bakin nasa yana santimita 35 ƙasa da saman ruwa. Da a ce ya yi tafiya ya rufe gida, lita 140 ce za ta zube, a bar kifayen cikin ɗan ruwan da bai wuce taƙi ba, hita kuma tana tsaye a bushe, ta ɗau zafi ta fashe da zarar an dawo da wuta. A wannan daren santimita 3 ruwan ya sauka cikin awa bakwai. Lita 12.

Alamomin da muka raina

Ba a wannan daren abin ya fara ba. Mako uku kafin nan ya buɗe filtar ya wanke ta. Bayan 'yan kwanaki ya gaya min cewa ruwan yana sauka fiye da da, kuma cikin kabad yana warin danshi. Na ce masa zafi ne ke shanye ruwan, ya duba goron da ke ɗaure tiyo ya ƙara matse shi. Ban je na gani da idona ba, kuma wannan kuskurena ne. Tanki mai murfi ba ya asarar ruwa mai yawa ta tururi, kuma tururi ba ya jiƙa ƙasan kabad. Da na ce masa ya manna salatif a daidai layin ruwa ya riƙa dubawa safe da yamma, da ya ga cewa akwai ranakun da ruwan ba ya motsi ko kaɗan, akwai kuma waɗanda yake sauka lokaci guda. Da ya haɗa wannan da ranakun da aka ɗauke wuta, da tuni mun gane.

Ɗigo ba abin rainawa ba ne. Ɗigo 20 ne kusan ke yin mililita ɗaya. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya haura lita 4 a kwana guda, kuma katako yana iya shan ruwa sosai kafin a ga ko ɗigo a ƙasan ɗaki.

Neman inda yake fitowa

Da na iso da yamma, na tarar ya riga ya yanke hukunci cewa gilashin ne ya tsage ko silikon ɗin kusurwa, wato gam ɗin da ya haɗa gilasan, ya saki, har ya fara tunanin inda zai kwashe kifayen. Na ce masa ai ruwa ya tsaya da rufe bawul, tanki mai tsaga kuwa babu ruwansa da bawul. Duk da haka mun bi kusurwoyin huɗu da ƙasan tankin da busasshen tishu, babu ko laima.

Muka ɗaga tukunyar muka sa ta cikin baho, a nan cikin kabad ɗin dai, don tsayin da ke tsakaninta da tankin kada ya canza. Muka goge ta tas da tawul, tiyo da bawul da murfi da gindi. Sannan na yayyage tishu na naɗa a kowace mahaɗa: inda tiyo ya shiga bawul, inda bawul ya shiga murfi, kewayen maɓallin da ake dannawa don cika filta, da kuma layin da murfi ya haɗu da tukunya. Dole sai an yi haka, domin ruwa yana bin jikin roba ya gangara ya taru can wani wuri, inda ka ga laima ba lalle nan ne ya fito ba. Tishun da ya fi kowane tsayi cikin waɗanda suka jiƙe, shi ne ke faɗin gaskiya.

An dawo da wuta a lokacin. Ruwan da ya yi awa 19 inji bai juya shi ba cikin tukunya ban yarda ya koma wa kifi ba, don haka muka karkatar da tiyon mayarwa cikin bokiti, muka bar injin ya tura wajen lita 10, sannan muka mayar da shi tanki. Filta ta yi ta aiki minti ashirin. Kowane tishu a bushe, sai wata 'yar laima kamar tambarin yatsa a kusurwar baya ta hagu, daidai layin murfi. Ƙanena ya ce, "To Yaya, wannan ɗin ne zai cika falo?"

A nan maganarsa ta asuba ta faɗo min. Na miƙa hannu na zare filogin, bawul kuma a buɗe. Kafin mu ƙirga goma tishun kusurwar ya yi sharkaf, sai ga wani siririn zaren ruwa yana bin jikin tukunya zuwa cikin baho. Na mayar da filogi, zaren ya tsinke ya koma ɗigo jefi-jefi. Sau uku muka yi, sau uku abin ya maimaita kansa.

Dalilin yana cikin nauyin ruwa. Daga saman ruwan tanki zuwa bakin tukunyar santimita 90 ne. Kowace mita ɗaya ta tsayin ruwa tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin giram 100. Murfin santimita 20 ne ta kowane gefe, saboda haka idan inji ya tsaya, ƙarfin da ke tura murfin sama daga ciki ya kai kilo 36. Maɓallai huɗu da zoben roba guda ne ke riƙe da wannan. Amma idan inji yana aiki, daga cikin tukunyar yake zuƙar ruwa ya tura sama, sai matsin cikinta ya ragu. Nasa ya ma fi raguwa, domin tiyon saukowa ya yi gansakuka a ciki, ɗan soson da ya sa a bakin bututu kuma ya toshe da datti, ruwa ba ya shigowa da saurin da injin ke kwashe shi. Wato dattin ne ya yi ta rufa wa yoyon asiri muddin akwai wuta. Duk wanda ya gwada filtarsa tana aiki kawai ya ce lafiya lau, rabin gwaji ya yi.

Abin da muka gani da aka buɗe

Muka rufe bawul, muka fito da tukunyar waje, muka ɓalle maɓallan. A kusurwar nan ta hagu, zoben robar ya fito daga kwarinsa kamar tsawon gaɓar yatsa, murfi ya danne shi har ya yi masa shaida, ya baje. Na ciro shi gaba ɗaya. Ya yi laushi da danƙo, kuma da na mayar da shi cikin kwarin sai ya yi yawa, in ka danna nan ya ɗago can. Na tambaye shi me ya shafa masa ranar da ya yi wankin. Ya ce basilin, don ya ga robar ta bushe.

Niyyarsa daidai ce, zoben roba yana buƙatar maiƙo. Matsalar ita ce basilin daga man fetur ake samunsa, kuma akwai nau'ukan roba da ke shan irin wannan mai su kumbura. Ba kowace roba ba ce, akwai ma masu ƙera filta da takardarsu ta yarda da shi saboda tasu robar tana jurewa. Takardar tasa dai giris ɗin silikon kaɗai ta ambata. Roba mai shekara huɗu, wadda dama ta fara gajiya, ta sha basilin, kuma ya sake buɗewa bayan mako guda don gyara zaman soso, a nan ne ta ƙi komawa gurbinta. Ya ce ya tuna maɓalli ɗaya ya yi masa gardama ranar, sai ya sa ƙarfi ya danne. Maɓallin da ya ƙi rufuwa cikin sauƙi magana yake yi maka: ko kwando bai zauna daidai ba, ko roba ta fita. Da na bi cikin kwarin da auduga kuma, sai ga ƙwayoyin yashi guda biyu. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Kafin mu ɗora wa zoben laifin duka, mun zazzage tukunyar, muka shanya ta, muka kashe fitila, na sa tocila a cikinta ina juyawa. Tsaga komai siririnta takan nuna farin layi a haka, musamman a gindi da wajen ƙugiyoyin maɓalli. Babu.

Ya ce, "Yaya, ba sai mu zagaye murfin da silikon mu huta ba?" Na hana. Filta abar buɗewa ce duk bayan 'yan makonni, silikon ba ya kama irin wannan robar sosai, kuma abin da ke turowa daga ciki ba a tare shi da shafe daga waje. Sabon zobe na ainihin samfurin filtar muka yi oda, tare da ƙananan zobban bawul. Aka ce sai bayan kwana shida.

Kwana shida babu filta

A wurina nan ne ainihin haɗarin yake, ba a ruwan da ya jiƙa falo ba. Filta ba dattin da ido ke gani kaɗai take tacewa ba. A jikin soso da zobban tangaran akwai bakteriya da ke cin amoniyar da kifi ke fitarwa su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret, wanda shi ne mai sauƙin illa, ake rage shi da canjin ruwa. Binciken da Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka wallafa a 1998 ya nuna cewa a tankunan ruwan daɗi, jinsin Nitrospira ne ke yin wannan aikin na biyu. Waɗannan halittu ba sa aiki sai da iskar oksijin, kuma ba su da saurin hayayyafa, sukan ɗauki kwana guda ko fiye kafin su ninka. Shi ya sa sabon tanki kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya zauna.

Kura-kurai biyu muka tafka a nan, ɗaya nawa, ɗaya nasa. Nawa shi ne barin tukunyar a rufe tun asuba har yamma. Na yi haka ne don in ga yoyon yadda yake kafin a taɓa komai, kuma gaskiya da ya buɗe da ba mu ga inda murfi ya ciji robar ba. Amma gwajin tishu na minti goma ne, da na bi da shi ta waya tun da safe ya yi, sannan ya kwashe kwandunan ya sa a bokitin ruwan tanki. Cikin rufaffiyar tukunya oksijin yana ƙarewa cikin 'yan awanni. Da muka buɗe akwai ɗan wari mai tsami, bai kai na ruɓaɓɓen ƙwai ba, wanda shi ne alamar cewa ciki ya lalace gaba ɗaya, amma ya kama hanya.

Nasa kuwa ya faru ne ina sunkuye a kan zoben. Ya ga soso ya yi baƙi ƙirin, ya ɗauka ya nufi famfo. Kafin in ankara ya wanke biyu cikin uku sun yi fes. Kulorin da ke cikin ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta ake sa shi, ba ya kuwa bambance masu amfani da masu cutarwa. Garin neman gira an rasa ido. Soson filta a cikin ruwan da aka ɗebo daga tanki ake matse shi sau biyu ko uku, a mayar da shi da sauran launin ƙasa-ƙasansa.

Abin da ya rage muka ceta. Zobban tangaran muka zuba a jakar raga, muka rataye ta a cikin tankin tare da soso na uku, muka sa dutsen kumfa na injin iska daidai ƙarƙashinsu don ruwa ya riƙa ratsa su. Na ba shi ƙaramin injin iska mai batir saboda dare. Ruwa mai ɗumi dama ba ya riƙe oksijin da yawa: kusan miligiram 8.3 a lita a digiri 25, ya sauko 7.6 a digiri 30. Na ce kada ya ba su abinci kwana biyu, daga nan ɗan kaɗan sau ɗaya a rana, tunda kifi lafiyayye yana jure haka, kuma duk abin da ya ci amoniya zai koma.

Rana ta uku gwajin naitirait ya nuna 0.5. Ta huɗu ya kai miligiram 1 a lita, amoniya kuma 0.25, alhali dukansu sifili ake so. Tetira suka taru a saman ruwa suna buɗe baki da sauri. Naitirait yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, sai kifi ya riƙa haki ko da ruwan cike yake da kumfa. Muka koma canza kashi 30 cikin ɗari na ruwan kullum, da maganin kashe kulorin, kuma sai zafin sabon ya yi daidai da na tanki. Gishiri kaɗan yana rage shigar naitirait jikin kifi, amma na ƙi sawa saboda koridoras da tsirran ba sa son sa. Har yanzu ina juya wannan shawarar a raina, domin a rana ta biyar ya tarar da tetira biyu sun mutu a bayan dutse.

Haɗawa

Da zoben ya iso na ɗora shi a kan tsohon, sai ga tsohon ya fi shi faɗi a fili. Muka share kwarin da auduga har ta fito fara. Giris ɗin silikon kamar ƙwayar wake na murza a yatsu biyu na bi zoben da shi, ya yi sheƙi kawai, ba a cika ba, don maiƙo mai yawa yashi yake kamawa. Na kwantar da shi ba tare da ja ko murɗewa ba. Kwandunan muka jera har kowane ya faɗa gurbinsa, murfi ya sauka a miƙe, maɓallan kuma biyu-biyu masu kallon juna muka rufe, ba bi da bi a zagaye ba. Duk huɗun sun rufu da yatsa ɗaya.

Muka canza zobban bawul, muka zura buroshi cikin tiyo, muka yanke santimita 2 daga bakin kowane, yanka a miƙe, don inda goro ya daɗe yana matsewa ya sandare. Sai aka buɗe bawul ɗin saukowa, tukunya ta cika da kanta tana fitar da iska, sannan aka sa wuta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, farfelar da ta juya a bushe lalacewa take yi.

Gwajin kwana guda muka yi mata cikin baho da sabon tishu, kuma da gangan muka kashe ta awa ɗaya sau biyu da bawul a buɗe. Babu ko laima. Naitirait bai koma sifili ba sai a rana ta 12.

Abubuwa uku muka ƙara. Tukunyar ta ci gaba da zama cikin baho, da 'yar na'urar da ke ƙara idan ruwa ya taɓa ta. Soket ɗin da ke kwance a ƙasan kabad muka ɗaga shi muka kafe a sama, kowace waya kuma ta sauko ƙasa da shi ta yi lanƙwasa kafin ta hau, don ruwan da ya bi waya ya ɗige a ƙasa. Sannan muka huda rami na milimita 3 a jikin bututun saukowa da na mayarwa, santimita 3 ƙasa da layin ruwa. In ruwa ya sauka zuwa nan, iska ta shiga, zuƙowar ta yanke. Ramin yana da nasa ɗawainiya: gansakuka tana toshe shi sai an riƙa sa tsinke, kuma in aka bar ruwa ya yi ƙasa filta za ta fara shaƙar iska tana gurnani. Amma mafi munin asara ta sauko daga lita 140 zuwa 12.

Kabad ɗin ne ba mu gama da shi ba. Da garin katako da aka matse aka yi shi, kuma mako uku yana shan ruwa. Gindin bangonsa na hagu ya kumbura, fatar sama ta ɗago, in ka danna da farce yana lotsawa. Irin wannan katakon ba ya komawa yadda yake ko ya bushe, ga shi tanki da ruwa da yashi sun kusa kilo 250 a kansa. Na ɗora ma'aunin daidaito a bakin tankin, kumfar ta ɗan karkata kaɗan. Ƙanena yana ganin zai kai wasu watanni, ni ban yarda ba, domin tankin da ya karkata kusurwa ɗaya ke ɗaukar nauyin da ba nata ba. Mun tsaya a kan ya rage ruwan da santimita 10, muka sauke bututun biyu daidai da haka, muka kafa katako mai ƙarfi a tsaye daga ciki ya tallafi gefen, kafin maƙeri ya gama teburin ƙarfen da muka ba shi awo. Na ja layi da fensir a inda kumburin ya tsaya, kuma duk ƙarshen mako yana turo min hotonsa tare da na ma'aunin.